Ranar da Tukuna ta Duba Gidan Kaka

'Yar kawuna ce, kuma tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali muke kiranta Tukuna. Dalili kuwa, duk abin da za a yi a gida, ko da zama ne a kan kujera, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya tukuna." Ta girgiza kujerar, ta leƙa ƙarƙashinta, sannan ta ba ka izinin zama. Ni da na girme ta da wata bakwai cur, na sha faɗa cewa ranar da aka haife ta ma sai da ta tsayar da unguwarzoma ta tambaye ta ko ta wanke hannu. Mahaifiyarta ta ce ƙarya nake yi. To, ita da ke fama da kanta a lokacin, ina za ta sani?

Tare aka sa mu makaranta. Ni na sauka a aji uku na sakandare, don na lura malaman sun fara gajiya da ni kuma ba na son in zama sanadin hawan jinin kowa. Ita ta zarce, ta karanto harkar gini da lafiyar muhalli, ta samu aiki a ofishin da ke duba gidaje kafin a ba da haya, ko in maƙwabta sun kai ƙorafi. Shekararta goma sha ɗaya ke nan tana yawo da jaka, da fom, da fitilar hannu, da wata 'yar na'ura da take ratayawa a wuya, mai ƙara in ta ji iska mai guba. Ni kuma na zama abin da take kira Injiniya: yau mai fenti, gobe mai gyaran ƙofa, jibi mai ɗaura fanka. Duk lokacin da ta furta sunan sai ta ja shi, yadda kowa zai gane ba yabo ba ne.

Abokan aikinta in sun shiga gida, bango suke kallo, su kalli rufi, su ƙwanƙwasa nan su ƙwanƙwasa can, su sa hannu su fita. Ita kujera take nema. Ta zauna, ta roƙi ruwan sha, ta ce wa mutanen gida, "Ku ci gaba da harkokinku, ku ɗauka ba na nan." Daga nan sai ta zuba wa hannuwansu da ƙafafunsu ido.

Na taɓa raka ta sau ɗaya don in riƙe mata tsani. Muna zaune matar gidan ta je buɗe firij, sai ta naɗe hannunta da bakin zani kafin ta taɓa marfin. Tukuna ta ce, "Baiwar Allah, yaushe firij ɗin ya fara jan ki?" Matar ta ce ai lafiyarsa lau. Ta rantse ba ta san tana naɗe hannu ba. Da aka janyo firij ɗin, ɓera ya cinye rigar wayar tas, ƙarfen yana kwance a jikinsa. A hanya ta ce mini, "Mutane ba sa gyara haɗari, Injiniya. Hanyar kewaye shi suke koya. Bayan shekara sun manta yana nan, amma hannunsu bai manta ba." Na ce sabo turken wawa ke nan. Ta ce yau dai na faɗi abu ɗaya da za a iya rubutawa.

Gida ɗaya ne a duniya da aka hana ta wannan aiki, gidan kakarmu. Kaka ta kafa mata doka tun ranar da ta fara aiki: "In kin zo wurina, ki cire idon ofis ki ajiye tare da takalmi a bakin ƙofa." Kuma ta bi. In ta zo gaisuwa, falo take zama, idonta a kan tafin hannunta kamar mai laifi, ta gama ta tafi.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, da kicin, da banɗaki a ƙarshen wani ɗan lungu. Marigayi kakanmu ya gina shi da hannunsa, Kaka ta yi shekara sittin da shida a ciki, goma na ƙarshe ita kaɗai. Sai ga shi wata safiya ƙafarta ta harɗe da bakin kafet, ta faɗi, ta gurɗe hannu. Kawu, mahaifin Tukuna, wanda dama ya daɗe yana neman dalili, ya ce magana ta ƙare, za ta koma gidansa.

"Inna, ɗaki na nan an share. Akwai mai kula da ke dare da rana."

"Ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabci? In na bar gidan nan, kai za ka ɗauke ni, amma a kwance."

Sati biyu ana wannan. Kawu ya daina cin abinci sosai, Kaka ta daina ɗaga wayarsa. Daga ƙarshe shi ya kawo shawara: a bar Tukuna ta duba gidan yadda take yi a ofis, da fom da komai. In ta rubuta akwai haɗari, Kaka ta tattara kaya. In ta rubuta babu, ba zai sake tayar da maganar ba har abada. Kaka ta ce ta yarda, don ta san yarinyar nan ba ta yi wa ubanta ma ƙarya, balle ta yi ƙarya dominsa.

Ba wanda ya tambayi Tukuna ko tana so. Ta kira ni da yamma, muryarta ƙasa ƙasa. "Duk abin da na rubuta, mutum ɗaya zai daina yi mini magana." Na ce ta rubuta da fensir. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Asabar ƙarfe goma. Kuma Injiniya, don Allah, kada ka taɓa komai a gidan nan."

Ina ajiye waya, kiran Kaka ya shigo.

"Maigida," haka take kirana in tana son aiki kyauta, "kwaso kayan aikinka ka zo. Kafin Asabar ina so gidan nan ya koma kamar na talla."

Tsakanin jika mai fom da kaka mai sanda, kowa ya san wadda za a bi. Ranar Laraba na iso da bokiti da buroshi.

Sai da na sa idon aiki na ga abin da muka rayu a cikinsa. A bayan talabijin akwai soket ɗaya da aka cusa wa kai biyar, fatarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wayar fanka ta bi ta tsakiyar falo, an ɗaure ta da salatif wuri uku. Makunnin wutar kicin ya fashe, kuma a gefensa akwai cokalin katako rataye da ƙusa, wanda da shi Kaka ke danna shi. Kananzir yana cikin kwalbar lemo, a jere da kwalaben maganinta. Ƙarafen taga duk da kwaɗo, makullan kuwa sun ɓace tun ina da gashi a tsakiyar kai. Ƙofar baya an jingine ta da tsohon keken ɗinki wanda sai ƙarti huɗu za su motsa.

Na san ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na bi gajeriyar hanya. Soket ya sha farin fenti. Wayar fanka ta shige ƙarƙashin kafet. Cokalin katako ya tafi aljihun tebur. Kananzir ya koma ƙarƙashin gado. Kaka tana biye da ni da hannu a naɗe tana cewa, "Nan ma shafa masa."

Banɗaki ne kaɗai na yi wa gyaran gaskiya, kuma shi na bari sai Juma'a da la'asar. Shekara biyu da suka wuce Kawu ya sa an ɗaura mata hitar gas mai zafafa ruwan wanka a bango, saboda ciwon gwiwa, tukunyar gas ɗin tana waje a bayan ɗakin. Amma wurin iska yake sha ta ko'ina. Gilashin taga rabi ya fashe. Can sama kusa da hitar akwai rami a bango, faɗin kwano, wanda Kaka ta ce ƙadangaru ke leƙo ta ta ciki. Ƙofar ba ta rufuwa, da bokiti ake tokare ta, ƙarƙashinta kuma kyanwa za ta wuce ba tare da ta sunkuya ba.

Na sa sabon gilashi, na bi gefensa na like. Ramin na cika shi da siminti na shafe sumul. Ƙofar na gyara ta, na buga mata roba a ƙasa, na sa sabuwar sakata mai kauri da sukuru huɗu dogaye. Da na gama na shiga na rufe, ko ƙarar titi ba na ji. Kaka ta shafa kaina ta ce da makaranta ta san abin da ta rasa, da ta biyo ni da kuka.

Asabar ƙarfe goma daidai Tukuna ta yi sallama, Kawu na bayanta da fuska kamar an aiko masa da sammaci. Ta durƙusa ta gaida Kaka. Kaka ta amsa tana kallon jakar. Tukuna ta ja numfashi ɗaya ta hanci, ta juyo ta dube ni.

"Fenti nake ji."

"Maƙwabta ne," na ce.

"Akwai maƙwabta a farcenka."

Ta zauna, ta ce Kaka ta yi harkarta. Kaka ta ce ba ta da wata harka sai zama. Aka zauna. Agogon bango yana ta bugawa. Kawu yana kaɗa ƙafa. Can Tukuna ta ce, "Kaka, ko zan samu ruwan zafi?"

Kaka ta miƙe ta nufi kicin. A tsakiyar falo ta ɗaga ƙafa ta tsallake wayar da ba ta nan. Biron Tukuna ya motsa a kan fom. A ƙofar kicin hannunta ya tafi wurin ƙusa, ya lalubi bango, ya sake lalubawa. Ta tsaya da hannu a sama. Ta kalli makunnin, ta kasa taɓa shi. Biro ya sake motsawa.

"Me kike rubutawa?"

"Abin da na gani, Kaka."

"Me kika gani? Ban yi komai ba."

Tukuna ta tashi ta ɗaga bakin kafet, ga waya da salatif ɗinta. Ta kankare soket da farce, baƙin ya fito. Ta tambayi makullan taga. Ta tura keken ɗinki da kafaɗa, ko gezau. Duk abin da ta gano, Kawu sai ya yi gyaran murya, ni kuma in ƙara matsawa bayan labule. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kalli kowa ba.

Kaka ta gaji. Ta ce, "Kin ce in yi harkata. To wanka zan yi. In kin gama ƙirga laifin gidan da aka yi goyon ubanki a ciki, ki ja mini ƙofa."

Ta ɗauki tawul ta bi lungu. Muka ji sakata ta shiga, ƙarau. Na ji daɗin ƙarar nan, Allah ya sani. Aiki ne mai kyau.

Tukuna ta shiga kicin ta daɗe. Ta shafa ruwan sabulu a tiyon murhu tana kallon kumfa, ta buɗe kowane kabad, ta bi warin kananzir har ƙarƙashin gado. Kawu yana binta yana cewa, "Ai kin gani. Rubuta kawai mu tafi." Ta ce, "Ban gama ba, Baba. Saura waje."

Muka zagaya bayan gida mu uku. Ta duba tukunyar gas, ta bi tiyonta da ido har inda ya shige bango. Daga nan idonta ya hau sama ya tsaya a kan sabon siminti, wanda bai ma gama bushewa ba.

"Mene ne a nan da?"

Nan na ga damata. Tun safe ake tona mini asiri, ga wuri ɗaya da zan ɗaga kai. Na ce, "Ramin ƙadangaru. Na toshe. Kin ga gilashin can? Sabo. Ƙofa ma na sa mata roba. Yanzu ko sauro sai ya nemi izini."

"Wannan tiyon ina ya tafi?"

"Hita."

"Hitar tana ciki? Cikin banɗakin?"

"A bango, daidai ƙarƙashin ramin."

"Yaushe ka toshe?"

"Jiya da la'asar."

"Ta yi wanka tun lokacin?"

"Wannan ne na farko."

Ta dubi agogon hannunta. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza launi a gabana ba sai ranar. Ta sunkuya ta murɗe kan tukunyar gas ta rufe. Ta ɗaga kai ta kira, "Kaka." Ruwa kawai muke ji yana zuba. Ta sake kira da ƙarfi. Kaka mace ce da ko a banɗaki ba ta fasa mita, kullum za ka ji tana faɗa da sabulu ko da famfo. Yanzu ruwa ne kaɗai.

"Lafiya?" in ji Kawu. "Fushi take yi, shi ya sa."

Tukuna ta ɗauki rabin bulo a ƙasa ta maka wa sabon gilashina. Tururi ya fito. Ta miƙa 'yar na'urar wuyanta ta cikin ƙarafen taga, nan take ta kama ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Baba, kira motar asibiti, ka ce hayaƙin gas ne, tsohuwa ce. Injiniya, ƙofa."

Muka kwasa a guje. Lungun nan taku shida ne, amma na rantse ranar ya yi tsawon titin jirgin sama. Na murɗa hannun ƙofa, sakata ta riƙe. Na buga da tafi ina kiran Kaka. Shiru. Na ja baya na daki ƙofar da kafaɗa, ta mayar da ni. Jiya da bokiti ake tokare ta, yaro ma zai ture. Yau sukuru huɗu dogaye, ni na ɗaure su, har da ƙarin murɗa ɗaya don kada a raina ni.

"Ina kayan aikinka?"

"Na ɓoye."

"A ina?"

Kaina ya ɗauke. Ni da na ɓoye su da hannuna da safe, na tsaya ina kallonta kamar ta yi mini tambayar jarrabawa. Ta kama wuyan rigata. "Kalle ni. Ina ka tsaya kafin mu iso?"

"Bayan tanki."

Na je na dawo da ƙarfen cire ƙusa, ban san ƙafafuna sun taɓa ƙasa ba. Kawu ya iso da waya a kunne, yana ta maimaita kwatancen gidan da aka haife shi a ciki yana kuskurewa. Na cusa ƙarfen tsakanin ƙofa da katakonta na danna. Katako ya yi ƙara bai sake ba. Tukuna ta ce, "Ba tsakiya ba, daidai sakatar." Na matsa sama. Kawu ya jefar da waya ya ɗora hannunsa a kan nawa. Muka danna tare. Sukuru biyu suka fita. Muka sake. A na uku katakon ya tsage, ƙofar ta buɗe.

Ta tare mu da hannu. "Kada kowa ya shiga. Ku juya baya. Ku buɗe duk ƙofar da ke buɗuwa."

Ta cire mayafinta, ta cika ƙirji da iska, ta shiga. Ina jin ruwa yana fantsama, ina jin tana jan abu mai nauyi. Na ƙirga har goma sha biyu. Sai ta ce, "Ku kama."

Kaka tana naɗe da mayafi da tawul, idonta a rufe, kanta yana lilo. A kan 'yar kujerar wanka ta same ta, ta jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Matar da muryarta ke cika unguwa, da muka ɗaga ta ba ta fi nauyin buhun auduga ba. Ƙofar baya ce mafi kusa, keken ɗinki ya tare ta. Dole muka bi ta falo, Kawu yana tuntuɓe da kafet, muka shimfiɗe ta a barandar gaba.

Tukuna ta kwantar da ita a gefe, ta sa kunci kusa da hancinta, idonta a kan ƙirjin. Ba wanda ya yi motsi. Kawu yana durƙushe, leɓensa na motsi ba sauti.

"Tana numfashi," ta ce. "Kaka. Kaka, ni ce. Buɗe ido."

Tana murza mata hannu tana kira. Minti nawa aka yi ban sani ba, in ka tambaye ni zan ce shekara. Can fatar idon ta motsa. Kaka ta yi tari, ta yi amai kaɗan, ta buɗe ido rabi ta ce kanta zai fashe. Ta so tashi, Tukuna ta danne kafaɗarta. Motar asibiti ta iso, suka sa mata abin ƙarin numfashi a fuska, suka tafi da ita da Kawu.

Aka bar ni da Tukuna a baranda, rigarta jiƙe sharkaf. Na jira zagi. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta zauna a ƙasa ta yi mini bayani a hankali, kamar a ofis. Wuta in tana ci tana buƙatar iska. In ta cinye ta ɗaki, sai ta fara fitar da wata iska mai guba, ba wari, ba launi, mutum barci kawai zai ji. Ramin nan mafitar hayaƙin hita ce, wanda ya ɗaura ta ne bai sa bututu ba. Shekara biyu fasasshiyar taga da karkatacciyar ƙofa da ramin ƙadangaru ne ke riƙe da ran Kaka.

"Duk ƙaryar da ka yi a gidan nan ba ta cuci kowa ba yau," ta ce. "Gyaran ne."

Na ce garin neman gira. Ban iya ƙarasawa ba. 

Kwana biyu Kaka ta yi a asibiti. Likita ya ce da an ƙara minti goma, da wani zancen ake. Ranar sallama Tukuna ta zo da fom, ta tsaya a ƙarshen gado. Kaka tana zaune, ta juya fuska ga taga. Ni ina bakin ƙofa inda gudu zai yi sauƙi.

"Haɗari goma sha huɗu," ta karanta. "Ba a yarda kowa ya kwana a gidan ba."

Kaka ba ta juyo ba. Hannunta ne kawai ya damƙe bakin zanin gado. Kawu ya sauke ajiyar zuciya. "Shi ke nan, Inna. Ke kika yarda da sharaɗin. Gobe a kwaso kaya, gidan kuma a sa shi a kasuwa."

"Baba, ba ka karanta ƙasan takardar ba."

Ya karɓa ya gyara tabarau. A ƙasa an buga cewa mai gida yana da kwana talatin ya gyara, sannan a sake dubawa, in ya wuce a cire hanin.

"Ba haka muka yi ba."

"Ka ce in yi yadda nake yi a ofis. Haka nake yi a ofis."

"A gabanki aka fito da uwata kamar gawa, shi ne za ki mayar da ita?"

"Duk goma sha huɗun ana gyara su, Baba. Babu ɗaya da ya ce ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Da na ga wannan, da na rubuta."

"Ni kike faɗa wa haka?"

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta karɓi takardar daga hannunsa ba. A shekara talatin da wani abu ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba. Ya ajiye fom ɗin a kan gado ya fita. Kaka kuwa ba ta gode ba. Abin da ta ji kawai shi ne wata guda a ɗakin da ke kallon bangon maƙwabci, kuma jikarta ce ta rubuta.

Da ta ce mutum ɗaya zai daina yi mata magana, ta yi kuskuren lissafi. Biyu ne.

Kwana talatin ɗin nan, in ta tashi daga aiki gidan Kaka take wucewa. Ta kawo mai gyaran wuta na gaske, ya sake wayoyin gidan. Ta kawo mai aikin famfo, aka fitar da hitar waje aka yi mata rumfa. Aka yanke kwaɗunan taga, aka cire kafet, aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki da makulli mai buɗuwa ta waje. Ni aka ba ni aikin da ya dace da ilimina, ɗaukar shara da tura keken ɗinki. In na miƙa hannu wurin guduma sai ta yi tari, in ajiye. Kullum in ta gama ta biya gidan mahaifinta ta gaishe su. Kawu ya amsa da ka. Kaka ta yi kamar tana barci.

Dubawa ta biyu ba ita ta yi ba. Ta roƙi ofis ya turo wani dattijo abokin aikinta, don kada Kawu ya ce ta yi son kai. Ranar duk muna tsaye a waje, Kaka na cikin mota ta ƙi fitowa sai an faɗi sakamako. Mutumin ya yi awa biyu a ciki. Da ya fito ya wuce Tukuna, ya wuce Kawu, ya sunkuya a tagar mota ya miƙa takardar. "Mama, gidanki."

Ta fito da sandarta, ba ta bari kowa ya riƙe ta ba. Ta bi ɗaki ɗaki tana taɓa abubuwa, ta ce an canza mata wurin madubi, ta ce fentin bai yi ba. Sannan ta zauna a bakin gadonta, ta daɗe tana kallon Tukuna.

"Kin rame. Ba sa ba ki abinci a ofishin ne?"

"Suna ba ni, Kaka."

"Gobe ki zo da rana. Ke kaɗai. Yanzu ku fita duka, kun cika mini gida."

Muka tsaya a bakin titi mu uku, ba mai kallon wani. Kawu yana ta juya makullin mota a hannu. Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya.

"Akwai wani wari da nake ji a kicin ɗinmu tun watan jiya," ya ce, yana kallon sitiyari. "In kin samu lokaci."

"Litinin da safe, Baba. Yau ku rufe tukunyar, ku bar taga a buɗe."

Ya gyaɗa kai ya ja mota. Na ce to ni ma bari in kama hanya, kafin rana ta yi. Ta riƙe hannun rigata, ta ce tun da muna tare, kuma jakarta na kafaɗa, ɗakina ai ba nisa.